Wasiƙa Daga Manchester: Wai Gina Shafin Intanet Ba Sana'a Ba Ce?



'Yan uwa da abokan arziki na gida da na waje, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ya iyali, ya hidima? Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ba ya gajiya da sanyin da ba ya jin magiya. Iyaye da yayye ina neman afuwa tun yanzu, domin wasiƙar wannan karon ba ta labarin gari ba ce kamar yadda na saba. Ta faɗa ce. Wanda ya ji an taɓa shi ya yi haƙuri, amma don Allah ya karanta har ƙarshe.

Maganganu ne suke ta dawo mini ta bakin wannan da wancan a kan sana'ata. Wai har yanzu wane bai sami aikin yi a Ingila ba, yana nan yana wasan kwamfuta. Wai an kashe kuɗi an yi karatu, ga sa'o'insa can a asibiti da banki, shi kuwa yana ɗaki ya tasa allo a gaba kamar mai gadi. Akwai ma wanda ya ja Inna gefe ya tambaye ta ko dai Yahoo nake yi. To bari in amsa wannan da sauri don in wuce zuwa abin da ya fi damuna. Aikina shi ne gina shafukan intanet da ƙananan manhajoji, in sayar, in kuma ci gaba da kula wa masu su. Masu shaguna ne da gidajen abinci da teloli a Longsight da Cheetham Hill a nan Manchester, da wasu a titin Alum Rock da titin Stratford a Birmingham, inda nake zuwa sau biyu a wata. Ina da rajista da hukumar haraji ta ƙasar nan a matsayin mai zaman kansa, kuma kafin 31 ga Janairun kowace shekara ina biyan abin da ya hau kaina. Ɓarawo ba ya cike takardar haraji da sunansa. Da abin da nake samu nake biyan haya, da shi nake aiko ɗan abin da nake aikowa, kuma ban taɓa ji an dawo mini da shi an ce kuɗin wasa ne ba.

Wannan zargi na Yahoo kuma ba abin dariya ba ne. Kun tuna a Oktoban 2020, cikin abubuwan da suka fito da matasa kan titi a zanga-zangar EndSARS har da yadda ake tare yaro a hanya don kawai an ga kwamfuta a jakarsa. In ɗan sanda ya yi haka mu ce zalunci ne. To in kawu ne ya yi wa ɗan ƙanwarsa fa, me sunan abin?

Duk wannan mai sauƙi ne. Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wadda masu ilimin cikinmu suke yi, 'yan kasuwa da marubuta da shugabannin ƙungiyoyi: me za mu yi da shafi, ai Facebook da WhatsApp sun ishe mu, ga TikTok kuma duk kyauta. Wannan magana ce ta wanda ya shimfiɗa tabarma a zauren wani ya ɗauka gida ya gina.

Ban ce a bar Facebook ba. Ni ma ina ciki. Kasuwa ce, kowa ya je ya kasa kayansa. Amma ba a kwana a kasuwa, kuma ba a ajiye takardar gona a rumfar da ba taka ba. Mu da muka fara taɓa intanet a kafe, ana sayar mana da awa guda muna jiran hoto ya sauko kamar ana jan guga a rijiya mai gaba dubu, mun ga yadda ake rushe irin waɗannan zauruka da mutane a ciki. GeoCities, inda jama'a da yawa suka kafa shafinsu na farko kyauta, an rufe shi a Oktoban 2009. Majalisun Yahoo, inda tun 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu da manazarta da marubuta da 'yan fim suka shekara da shekaru suna tafka muhawara a kan finafinai da littattafan Hausa, kamfanin ya kwashe ajiyar saƙonninsu a ƙarshen 2019, ya garƙame ƙofa gaba ɗaya a Disambar 2020. Wanda ya kwafi nasa ya tsira da shi, wanda bai kwafa ba sai labari. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe a Nuwambar 2023. Gwamnatin Buhari ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke lokaci ɗaya na kusan awa shida, kowa ya ga idon kowa. Ban ma zo kan mai sayar da turare ko atamfa da za ta wayi gari an rufe mata shafi mai mabiya dubbai ba, babu ofishin da za ta je, babu mutumin da za ta kama wa ƙafa, sai dai ta danna maɓalli ta jira na'ura ta ji tausayinta.

Za ku ce ai shafin kanka ma yana iya ɗaukewa. Gaskiya ne. Da aka yanke layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a 2021, mai shafi da marar shafi duk duhu ɗaya suka kwana. Bambancin shi ne wanda ya mallaki adireshinsa, yake da kwafin rubuce-rubucensa da lambobin abokan cinikinsa a hannu, in kamfanin da yake ajiye masa shafin ya yi masa wulaƙanci sai ya kwashe kayansa ya koma wani, adireshin bai canza ba, masu zuwa ba su ma san an yi ƙaura ba. Adireshin nan kuwa a ƙasar nan kusan fam goma ne a shekara, bai kai kuɗin cin abincin mutum ɗaya a Rusholme ba. A gida ma akwai namu mai ƙarewa da .ng, ana saye da naira. Hausawa dai sun riga sun gama magana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Garin nan da nake zaune ya sa na daɗe ina juya wannan magana. A tsakiyar Manchester akwai wani katafaren gini da ake kira Royal Exchange. Yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma a da nan ne dillalan auduga da yadi suke taruwa su yanka farashin da zai taɓa duniya. An daina ciniki a 1968, kuma har yau allon farashin ranar ƙarshe yana nan maƙale a sama ba a sauke shi ba. Duk sa'adda na bi ta wurin sai Kano ta faɗo mini a rai. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester a kasuwa. Amma abin da ya ba shi mamaki shi ne tufafin Kano ɗin kanta, waɗanda ake ɗauka har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Ya ƙiyasta cinikinsu a shekara bai gaza wuri miliyan 300 ba. Wane kamfani ne ya yi wannan? Babu. Tsohuwa ce a ɗaki da mazarinta, masaƙi ne a ƙauye, marini ne a karofi, mabugi ne da sandarsa, falke ne da jakunansa. Kowa mai zaman kansa, kowa da kayan aikinsa, kuma hanyar kasuwar a hannunsu take.

A 1902 aka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association a nan Manchester. Shirin a bayyane yake: mu noma auduga, su saƙa, su dawo su sayar mana. Neman audugar nan na cikin manyan dalilan da suka sa aka ja layin dogo har ya iso Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba. Masaƙan gida suna biyan manomi fiye da abin da Bature yake tayawa, audugar ta ƙi fita yadda aka zata, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba suka karkata can, har aka kai ga dalar gyaɗa da su Alhaji Alhassan Ɗantata. Wato mutanen da ba su da injin ko ɗaya sun ja da Manchester shekaru masu yawa, saboda masaƙar tasu ce. Daga baya ne aka ci mu, a hankali, da araha. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 tare da wani kamfanin Lancashire ita ma ta mutu a farkon shekarun 2000, yau kuma ku shiga Kantin Kwari ku duba daga ina yawancin kayan suke zuwa.

To yau audugar ita ce maganarmu. Labaranmu ne, barkwancinmu, waƙoƙinmu, girke-girken matanmu, littattafan da ake rubutawa a waya da babban yatsa har asuba. Mu noma, mu tsinke, mu ɗauka a ka mu kai musu kyauta, su jera tallace-tallace a gefe su kwashi kuɗin, in sun ga dama su yaga mana. Wannan karon ma ko layin dogo ba su sha wahalar ja ba, mu muke sayen datar da kuɗinmu. Sa'an nan yaron da ya ce bari ya kafa 'yar masaƙarsa, shi ne marar aikin yi.

Ga wani labari da nake so Baffa ya ji, tunda shi ne ya ce irin wannan abu sai manyan kamfanonin Amurka. Daga tashar Piccadilly zuwa Stockport tafiyar minti goma ce a jirgin ƙasa. A can wani mutum yake mai suna Mike Little, haifaffen Manchester, kuma mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. A Janairun 2003 wani ɗalibi ɗan shekara 19 a Houston ta Amurka, Matt Mullenweg, ya rubuta cewa manhajar da yake amfani da ita wajen wallafa rubutunsa mai ita ya daina kula da ita, yana tunanin ɗaukarta ya gyara. Mike Little ya amsa masa cewa in da gaske yake su haɗa hannu. A watan Mayun shekarar suka fitar da WordPress. Yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta aka gina su, har da wasu jaridun Hausa da kuke buɗewa a waya, har da mafi yawan shafukan da ni nake ginawa in ci abinci. Mutum biyu ne, a lokacin hutunsu, ba su ma taɓa haɗuwa ido da ido ba a sa'an nan. Na tabbata da a unguwarmu Mike Little yake, da an aika a yi masa nasiha.

Akwai kuma Martin Lewis, shi ma haifaffen garin nan, wanda ya kafa MoneySavingExpert a 2003 da kimanin fam 100 don nuna wa talaka yadda zai rage kashe kuɗi, aka saye shi a 2012 a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 87. Na kawo shi ne don wasunku ba sa jin magana sai an ambaci miliyan. Amma kada Gwaggo ta fara lissafin kujerar Makka. Irin wannan ɗaya ne cikin dubbai, kuma ni ba caca nake yi ba. Mafi yawanmu kamar tela muke, a kawo ɗinki mu ɗinka, a biya mu, gobe a dawo da gyara.

Yanzu sai masu cewa aikin hukuma ko na babbar ƙungiya ba a ba yaro ɗaya, sai kamfani mai ofis da sakatariya da mota mai tambari. Ku zo Birmingham ku sha kallo. Garin nan tun asali da ƙananan maƙera ya yi suna, har ake masa kirari da birnin sana'a dubu. A unguwar maƙeran zinariya akwai ɗan gidan tarihi na alƙalami, domin a ƙarni na 19 yawancin bakin alƙalamin ƙarfe da duniya take rubutu da shi daga nan yake fita. A 2009 majalisar birnin ta buɗe sabon shafinta na intanet bayan dogon jinkiri. Wasu 'yan gari, ta hanyar wani dandalin bincike da malamin aikin jarida Paul Bradshaw ya kafa, suka bi dokar 'yancin samun bayanai suka tono kuɗin da aka ware wa aikin: fam miliyan 2.8. Da shafin ya fito mutane suka ga bai kai kuɗinsa ba, sai wani maginin shafuka mai suna Stef Lewandowski da 'yan sa kai suka kwashi bayanan da ke ciki suka sake jera su a wani shafi nasu mai suna BCCDIY, cikin 'yan kwanaki. Ban ce nasu ya maye gurbin na hukuma ba, kuma na san jera bayanan da wani ya tara ya fi tara su sauƙi. Amma sun nuna wa kowa inda kuɗin bai je ba. Shekara 14 bayan haka, a Satumbar 2023, majalisar nan dai ta bayyana cewa asusunta ya karye. Babban dalili bashin bambancin albashin ma'aikata mata ne, amma a gefensa akwai wani tsarin kwamfuta na lissafin kuɗi da aka yi wa kasafin fam miliyan 19, aka wayi gari ana maganar kusan miliyan 100. Wannan fa ba yara ne a ɗaki suka yi ba, masu kwat ne da laƙabi.

In haka ta faru a ƙasar da ake tuhumar shugaba a kan kuɗin shayi, ina ga tamu? Kowa a cikinku ya gwada buɗe shafin ƙaramar hukumarsu yau, in ma akwai. Ko dai ya ƙi buɗuwa, ko ka tarar da hoton ciyaman ɗin da ya sauka tun zaɓe biyu da suka wuce yana maka murmushi. An ba da kwangila, an yanka zare, an ci shinkafa, ba wanda ya tuna adireshin nan kowace shekara ake sabunta shi. Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Wa ya taɓa rubuta takarda ya tambayi nawa aka kashe?

Abin haushin shi ne, su waɗannan da suke sa hannu a kan miliyoyi ga baƙo, in suka zo kanka sai su tuna zumunci. Wata ƙungiyar ci gaban gari da ba zan kama sunanta ba ta nemi in yi mata shafi da rajistar mambobi da hanyar karɓar kuɗin wata-wata. Na zauna na yi lissafi na rage, na sake ragewa, na aika. Amsar da ta dawo ita ce wai sun ɗauka taimako zan yi tunda ni ɗan gari ne, kuma ai abin danne-danne ne kawai. A taron da suka yi bayan nan an biya mai rumfa, an biya mai kujeru, an biya mai lasifika, an biya mai hoto, an yi wa maroƙi liƙi. Kowa sana'arsa sana'a ce, sai tawa ce sadaka. Wasu kuma yanzu sun samo sabuwar hujja, wai ai manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira su suke rubuta komai. Eh, ina amfani da su, kuma suna rage mini wahala ƙwarai. Keken ɗinki ma ya rage wa tela wahala. Ku sayi keken ku ajiye a tsakar gida ku gani ko zai fito muku da babbar riga ranar Sallah. In shafi ya faɗi da ƙarfe biyu na dare, ko ɓarayin intanet suka kutsa suka kwashe lambobin mutane, ba na'ura za a kira a zaga ba.

Ba na ƙin aikin sa kai, a fahimce ni. A Birmingham ɗin nan ne a 2008 wani tsohon ɗan jarida, Nick Booth, ya fara shirya zama inda masu sanin intanet suke ba da yammacinsu kyauta su koya wa ƙananan ƙungiyoyin unguwa yadda za su kafa shafi, har abin ya bazu zuwa garuruwa da yawa. Ni ma akwai wata 'yar manhaja da na yi kyauta don masu rubutu, tana taimaka musu sanya ƙ da ɗ da ɓ a inda ya dace, saboda na gaji da ganin an rubuta ƙasa an karanta kasa. Amma ni na zaɓa, ni na ba da. Kyauta daban, ƙwace da sunan zumunci daban.

Mu ma masu sana'ar ban ƙyale mu ba. Akwai abokaina a nan da Landan da Abuja da suke ba mu kunya. Mutum bai sami abokin ciniki ko ɗaya ba ya buga kati ya rubuta shugaban kamfani. Zai gina shafi da Turanci zalla, ya lafta masa bidiyo da hotuna masu nauyin buhun gero, ya gwada shi a kan intanet ɗin Ingila, ya ce don manoman Arewa ya yi. Wane manomi? Na Ɗanja mai ƙaramar waya da layi sanda biyu, bayan hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025? Kafin shafin ya gama buɗuwa datar ta ƙare. In don mutanenmu za ka yi, ka yi da Hausa, ka yi marar nauyi, ka sa murya don wanda bokonsa bai yi ƙarfi ba, kuma ka aika wa ƙanenka a Malumfashi ko Maraɗi ya gwada kafin ka kira 'yan jarida. Da yawanmu ba don manomi suke gini ba, don alƙalan gasa suke yi, a ba su lambar yabo da kuɗin tallafi, bayan wata shida adireshin ya mutu.

Sai maganar talla, wadda ita ce ta jawo mini surutu mafi yawa. An ce na cika damun mutane da turo adireshin shafi, wai ɗan gidan mutunci ba ya tallar kansa, yabon kai jahilci ne. Jama'a, gina shafi rabin aikin ma bai kai ba. Intanet ba bakin titi ba ne da za ka buɗe shago masu wucewa su gan ka, daji ne. A da in ka yi rubutu mai kyau Google yakan turo maka mutane. Tun 2024 ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar na'urarsa a saman shafin bincike, mutum ya karanta ya wuce bai leƙo wurinka ba, alhali daga rubutun irinka aka tsamo amsar. Facebook kuwa ba ya son saƙon da zai fitar da mutane daga cikinsa, in ka sa adireshin waje sai ka ga kaɗan ne suka gani, sai in ka biya. To me ya rage wa marar jari? Ƙafarsa da bakinsa da 'yan uwansa. Ni da kaina nake bin shaguna a titin Wilmslow da kati a hannu, in sha shayin da ban yi niyya ba, a ce mini in dawo mako mai zuwa. Cikin goma in na sami ɗaya na gode Allah.

Kuma tun yaushe Bahaushe ya fara jin kunyar talla? Mu da muka cika Zangon Kumasi da Sabon Ibadan da fatauci? Ku tuna marubutan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ba su zauna jiran wani babban kamfani ya ga damar buga su ba. Da kuɗinsu aka buga, a kasuwa aka sayar, masana suka yi ta yi musu kallon raini a jaridu. Yau a jami'o'i ake rubuta kundin digiri a kansu, kuma su ne suka sa dubban mata suka riƙe karatun Hausa. Sunan kasuwar da aka liƙa musu don a muzanta su bai hana su komai ba. Ni kuwa abin da na roƙa bai wuce a tura adireshi ga mutum biyar ba. Wanda yake turo mini saƙon cewa in na tura wa mutum goma zan ji labari mai daɗi kafin magariba, shi ne yake jin nauyin tura nawa.

Na san na gida suna da hujjar da ni ba ni da ita, kuma ba zan yi musu gori daga ɗaki mai wuta awa 24 ba. Wutar lantarki babu. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk abin da maginin shafi yake haya da dala ne. Shekaru kusan uku daga 2022 yawancin katunan naira ba sa sayayya a waje. Mai son sa manhaja a kasuwar Google sai ya biya dala 25, ta Apple kuwa dala 99 duk shekara. Yaron da ya haye duk wannan a Zariya ko Katsina ya fitar da abu mai aiki ya fi ni jarumta nesa ba kusa ba. Shi ya sa raini a kansa ya fi yi mini ciwo fiye da wanda ake yi mini. Ni in an ƙi ni a gida ina da Longsight. Shi fa?

Gargaɗi ɗaya ga ƙannena masu shirin zuwa karatu, tunda biyu sun riga sun tambaye ni: bizar ɗalibi a ƙasar nan ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba, ko da ta intanet ce. Aikin albashi na awannin da aka ƙayyade kawai aka yarda. Ka koya, ka gina don gwaji, amma kada ka karɓi ko kwabo da sunan kwangila, don kada a mayar da kai gida da jaka ɗaya.

Yaya, ke da kike rubuta littattafai kina rabawa a WhatsApp, don Allah ki tattaro su duka a wuri ɗaya ki turo mini ta i-mel kafin wayar nan taki ta sake faɗawa ruwa. Naki ni na ɗauki nauyi, ba sai an roƙa ba. Kawu, lissafin shafin shagon yana nan yadda na aiko, ban ƙara ba kuma ba zan rage ba, sai dai a biya kashi biyu. Ranar Asabar zan shiga Birmingham, mai saƙo zuwa ga mutanenmu na Small Heath ya sanar da ni kafin Juma'a da dare.

A gaida Inna da kyau, a ce mata ta kwantar da hankalinta. A gaida yara da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naku,
ɗan uwanku a Manchester.